Daga Hantsa Zuwa Ludayi: Yadda Ake Tatsar Madara, a Tara Ta, a Sarrafa Ta

Madara tana fitowa daga hantsar saniya da ɗumin jiki, wajen digiri 37 zuwa 38, kuma in dai saniyar lafiyayya ce kusan babu wani datti a cikinta. Da zarar ta taɓa hannun mai tatsa, ta taɓa ƙwarya, iskar garke ta busa a kanta, sai lissafi ya canja. Kimanin kashi 87 cikin ɗari na madara ruwa ne, saura kuwa mai ne da sukari da furotin da sinadaran gina ƙashi, wato duk abincin da ƙwayoyin bakteriya ke nema. A zafi irin na Kano ko Maraɗi cikin bazara, ƙwaya ɗaya kan zama biyu cikin minti 20 zuwa 30. Allah ya sanya wa ɗanyar madara wata kariya da ke danne waɗannan ƙwayoyi na awa biyu zuwa uku. Bayan nan tsami ya kama hanya.

Duk sana'ar madara a kan waɗannan 'yan awoyi take. Dabarun cin galaba a kansu uku ne: a sanyaya ta, a dafa ta, ko a bar ta ta yi tsami irin wanda ake so kafin wanda ba a so ya riga shi. Bafulatana a ruga da injiniya a masana'anta duk cikin ukun nan suke zaɓa.

Akwai kuma abin da ya sa aikin ya fi wuya a ƙasashenmu. Shanunmu, Bunaji farare da Rahaji jajaye masu dogayen ƙaho da Bokolojin Sakkwato, Allah ya yi su ne don jure rana da doguwar tafiya. A kiwon gargajiya, abin da ake samu daga saniya ɗaya bayan maraƙi ya sha nasa da wuya ya wuce lita ɗaya zuwa biyu a yini, alhali saniyar Holstein a Turai tana ba da sama da lita 25. Azawak ta Nijar, wadda aka daɗe ana inganta irinta a tashar Tukunus kusa da Filinge, ta fi su nono, haka ma 'ya'yan barbarar Bunaji da shanun Turai irin waɗanda cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya ta yi aiki a kansu. Amma mafi yawan madarar ƙasar nan daga ƙananan ƙore take fitowa, lita uku nan, lita biyar can, a rugage masu nisa da juna. Kafin a cika tanki ɗaya sai an bi gidaje da dama, agogo kuma yana tafiya.

Kafin a taɓa hantsa

Ba kowace saniya ake tatsa don mutane ba. Wadda ta haihu, nononta na kwana huɗu zuwa biyar na farko dakashi ne, mai kauri, ruwan ɗorawa. Wannan haƙƙin maraƙi ne, a cikinsa yake samun garkuwar jiki, kuma in an gauraya shi da sauran madara yakan sa ta tsinke a kan wuta.

Saniyar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta ita ma a ware nononta. A jikin kowace kwalbar magani ta kirki an rubuta kwanakin da za a jira kafin a sha madarar, kuma allurai masu daɗewa a jiki sun fi doguwar jira. A nan ake yawan sakaci, domin makiyayi kan sayo magani a kasuwar ƙauye ya yi allurar da kansa, washegari kuma a tatsa kamar kullum. Illar biyu ce. Mai shan madarar yana haɗiyar ragowar magani kaɗan-kaɗan, abin da ke taimaka wa cututtuka su daina jin magani. Sannan madarar ba ta kwanciya: a zuba mata iri, a rufe, a wayi gari tana nan tsararo, saboda maganin ya kashe ƙwayoyin da za su mai da ita kindirmo.

Cututtuka biyu ne suka fi tsallakowa daga saniya zuwa mutum ta cikin ɗanyar madara. Ɗaya tarin fuka na shanu. Ɗayar kuwa bakkale, wadda ke sa saniya ɓari cikin watannin ƙarshe da kumburin gwiwa, a jikin mutum kuma ta zama zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, har a yi ta shan maganin cizon sauro ba a ga sauƙi ba. Saniyar da ke yawan tari tana rama, ko wadda ta yi ɓari, a nemo mata likitan dabbobi kafin a ci gaba da sayar da nononta. Abincin ma a duba. Dusa ko angurya ko ƙuliƙulin da suka yi funfuna suna ɗauke da guba wadda ke bi ta jikin saniya ta fito cikin madara, kuma tafasawa ba ta kashe ta.

Tatsa

Shanunmu ba sa sakin nono sai sun ga ɗansu. Shi ya sa ake kwana da maruƙa ɗaure a dangwali, nesa da iyayen. Da asuba a kwance maraƙi ɗaya, ya ruga ya kama nono, ya tunkuyi hantsa sau biyu ko uku, sai ka ga kawunan nonon sun cika sun yi tsaye. A nan ake janye shi a ɗaure kusa da ƙafar uwar ta gaba inda za ta riƙa lasarsa, a sa mata dabaibayi a ƙafafun baya, mai tatsa ya tsuguna da ƙwarya tsakanin gwiwoyinsa. Sakin nonon nan minti biyar zuwa bakwai yake yi. Hayaniya, duka, haushin kare ko baƙuwar fuska na iya sa saniya ta riƙe nononta, don haka a yi aikin cikin natsuwa, a lokaci guda kullum, kuma in da hali mutum ɗaya ya saba da ita.

Wurin tatsa ya kasance busasshe, ba a tsakiyar kashin shanu ba, kuma kada a yi shara dab da farawa, ƙura ce za ta sauka a ƙwarya. Mai tatsa ya wanke hannu da sabulu, farcensa a yanke. Mai tari, mai gudawa ko mai gyambo a hannu ya bar wa wani. Bayan an janye maraƙi a goge kawunan nonon da ruwa mai ɗumi, a tsane su da tsumma mai tsabta. Tsanewar ta fi wankewar muhimmanci, domin ruwan da ya gangaro daga hantsa mai datti ya ɗiga cikin ƙwarya ya fi rashin wankewa muni.

Feshin farko biyu ko uku na kowane kan nono kada ya shiga ƙwarya. A tatse shi a cikin wani ɗan kofi mai duhun ciki a duba. In an ga gudaji-gudaji, ko zare-zare, ko ruwa-ruwa, ko jirwayen jini, ciwon hantsa ne. Sau da yawa ɓangaren yakan yi zafi ya kumbura, saniyar ta yi ta harbi in an taɓa. Irin wannan a tatse ta daga ƙarshe, a zubar da nonon, a wanke hannu.

Akwai wata al'ada da ya kamata a bari, ta tsoma yatsu cikin madarar da aka tatsa don su yi santsi. Duk abin da ke hannu da fatar saniya ta nan yake komawa ƙwarya. In kan nonon yana da girma a kama shi da tafin hannu, babban yatsa da manuni su toshe sama, sauran yatsun su matso ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Ƙananan kawuna irin na karsana mai haihuwar fari dole sai da yatsu biyu, amma a hankali, ba fizga.

Kada a tatse tas. A bar wa maraƙi aƙalla ɓangare ɗaya cikin ɓangarori huɗu na hantsar, sannan a sake shi ya tsotse saura. Idan farashin madara ya yi kyau, jarabar tatsewa duka takan yi ƙarfi, sakamakon kuwa sai bayan shekara ake ganinsa, a maraƙi tsamurarre da karsanar da ta makara ba ta ɗauki ciki ba.

Da an gama a tace madarar da farin ƙyalle wanda aka tafasa aka shanya a rana. Tata tana cire gashi, ƙuda da ƙasa. Ba ta cire ƙwayoyin cuta, don haka kada a ɗauke ta a matsayin gyaran ƙazantar da aka riga aka yi.

Mazubi da hanya

Ƙwarya tana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, a cikinsu ƙwayoyin tsami ke zama komai wanki. Ga mai yin nono wannan alheri ne, shi ya sa tsohuwar ƙwarya ta fi sabuwa kwantar da nono. Ga wanda zai kai ɗanyar madara cibiyar tara madara kuwa matsala ce. Jarkar roba ta fi ta muni: bakinta ƙarami ne, hannu ba ya shiga, cikinta yana karcewa, kuma a lungun mariƙinta wani farin dafi ke taruwa wanda girgiza da ruwan omo ba ya fitarwa. Wanda ya taɓa yanka tsohuwar jarkar madara biyu ya leƙa ba ya sake musu a kan wannan. Abin da ya dace shi ne gorar alminiyam ko ta ƙarfe mara tsatsa, mai faɗin baki da murfi mai kamawa.

Wankin ma da tsarinsa. A fara ɗaurayewa da ruwan sanyi nan take bayan an juye. In aka fara da tafasasshen ruwa, furotin ɗin zai dahu ya manne a jikin ƙarfen. Sai a wanke da ruwan zafi da sabulu mara ƙamshi da buroshi, a ɗauraye, a kife a kan wani abu mai tsayi inda rana za ta buga, ba a ƙasa ba.

A hanya a cika gorar sosai, domin madarar da ke tambal-tambal a bayan babur kaɗuwa take yi, har ka ga ƙwayoyin mai suna yawo a sama. A lulluɓe ta da jiƙaƙƙen bargo, iskar tafiya za ta rage mata zafi. Kada a zuba madarar safe mai ɗumi a kan ta daren jiya. Kuma a isa cibiya cikin awa biyu zuwa uku da tatsa.

A cibiyar tara madara

Cibiyar ɗaki ne ko biyu, da tankin sanyaya madara, ma'auni, teburin gwaji, rijiyar burtsatse da janareta ko sola. Kamfanin FrieslandCampina WAMCO mai madarar Peak ya fi shekara goma yana gudanar da irinsu a yankin Iseyin na jihar Oyo, inda Fulani suka zauna. A Kano kamfanin L&Z yana karɓar madara daga makiyaya yana yin yogot. A Nijar akwai cibiyoyi a Hamdallaye da Kollo da ke ciyar da masana'antun Yamai.

Mai karɓa yakan fara da hanci da ido. Yana buɗe murfi zai sunsuna: tsami, warin hayaƙi, warin kalanzir ko na fetur duk dalilin mayarwa ne. Daga nan gwajin sifirit. A ɗebi madara kaɗan a haɗa da sifirit mai ƙarfin kashi 68 zuwa 70 cikin ɗari daidai wa daida a cikin ɗan faranti, a jujjuya. In ta tsaya sumul ta wuce. In ta yi gudaji a jikin farantin, ta fara tsami ko akwai dakashi ko ciwon hantsa. Inda babu sifirit, a tafasa cokali ɗaya a kan wuta. Wadda ta tsinke ba za ta jure injin masana'anta ba.

Sai gwajin ruwa. Akwai wani ɗan gilashi mai nauyi a gindi da ake tsomawa cikin madara ya yi iyo, ana ce masa laktomita. Madara ta ɗan fi ruwa nauyi: lita ɗaya takan kai giram 1,028 zuwa 1,032, ruwa kuwa 1,000. In an yi algus da ruwa, gilashin zai ƙara nutsewa. Sai dai na'urar tana da makanta. Kwashe mai yana ƙara wa madara nauyi, zuba ruwa yana rage shi, don haka wanda ya yi ha'incin biyu a tare na iya wucewa. Shi ya sa cibiya mai hankali take auna yawan mai ma, lokaci-lokaci ba tare da sanarwa ba. Wanda ya kaɗa sitaci ko garin rogo don ɓoye ruwan da ya zuba, ɗigon aidin ɗaya zai tona shi, madarar za ta koma shuɗiya. Kanwa ko soda da za a jefa don ɓoye tsami suna rufe alama ne kawai, ƙwayoyin suna nan suna ƙaruwa. Ragowar magani kuwa da wata 'yar takardar gwaji ake gano shi.

Tsananin nan kan ɓata wa masu kawowa rai, musamman wanda ya yi tafiyar kilomita goma aka ce ya koma da kayansa. Amma wake ɗaya ke ɓata gari: gora ɗaya mai magani ta isa ta sa masana'anta ta ƙi tanki mai lita dubu, asarar kuma ta kowa ce. Abin da ya rage wa cibiya shi ne ta yi gwajin a gaban mai kaya, ta nuna masa farantin da idonsa, ta faɗa masa abin da zai gyara.

Wadda ta ci jarrabawa a auna ta, a rubuta a littafin cibiya da katin mai kaya, a sake tacewa, a juye a tanki. Tankin yana da fanka a ciki mai juyawa a hankali don kada mai ya taso kuma sanyi ya ratsa ko'ina, burin shi ne a kai digiri 4 cikin 'yan awoyi. Sanyi ba ya kashe komai, kwantar da ƙwayoyin kawai yake yi. Akwai ma wasu masu son sanyi da kan sa madara ɗaci in ta wuce kwana biyu, don haka tankar masana'anta ta zo kullum ko bayan kwana ɗaya.

Wani abu da masu kafa cibiyoyi kan manta: a al'adar Fulani shanu na iya zama na maigida, amma nono na mata ne. Da kuɗin tallar nono ake sayen gishiri, sabulu, kayan miya da kayan ɗakin 'ya mace. In cibiya ta rubuta sunan maigida ita kuma ta riƙa biyansa, ta raba mace da sana'arta ke nan, kuma matar ba za ta ga dalilin tafasa ƙyallen tata don kuɗin da ba zai shigo hannunta ba. A ganina a rubuta matan da sunayensu, a biya su kai tsaye, a kan kari. Sannan a yi lissafin yanayi. Da damina madara ta yi yawa hanya ta lalace, da rani hanya ta gyaru shanu sun yi kudu. Cibiyar da ba ta taimaka wa masu kawo mata da harawa, dusa da ruwan sha don a bar 'yan shanun tatsa a gida, tankinta zai yi wata huɗu yana ƙura.

Idan madarar a gida za a sarrafa ta

Mafi yawan madararmu ba ta ganin tanki, kuma ta yamma kusan duk a gida take kwana. Matakin farko ɗaya ne ko me za a yi da ita: wuta. A ɗora a tukunya mai kaurin gindi, a riƙa juyawa har ta taso, a sauke. Mai ma'aunin zafi na iya yin abin da ya fi adana ɗanɗano, ya sa tukunyar madara cikin babbar tukunyar ruwa, ya riƙe ta a digiri 63 zuwa 65 na minti 30. Ana yawan cewa tsami yana kashe cuta. Yana rage wasu, amma ƙwayoyin tarin fuka na iya kwanaki da ransu a cikin nonon da ba a dafa ba.

Kindirmo daga dafaffiyar madara mai cikakken mai ake yinsa. A bar ta ta huce har a iya tsoma tsabtataccen yatsa a ƙirga goma ba a ji ƙuna ba. A zuba ɗan kindirmon jiya, cokali biyu ko uku a kowace lita, a juya sau ɗaya, a rufe da faifai, a ajiye inda ba za a motsa shi ba. Cikin zafi awa shida zuwa takwas sun isa; da hunturu sai an naɗe ƙwaryar da zane an bar ta ta kwana. In an zuba iri madara na da zafi sosai, irin ya mutu. In kindirmon ya wuce lokaci zai tsatso ruwa ya yi tsami mai kama haƙori. Wanda ya yi daidai, in ka sa ludayi za ka yanko shi ne, gurbin ya tsaya na ɗan lokaci kafin ya rufe.

Man shanu kuwa da sanyin safiya ake kaɗa shi, don da rana narkewa yake ya ƙi haɗuwa. A zuba nonon da ya kwana cikin gora, kada ya wuce rabi, a toshe, a yi ta jijjigawa, ana buɗewa jefi-jefi iska ta fita. Kunne ne ke faɗa maka ya yi: ƙarar takan tashi daga luƙui-luƙui mai nauyi ta koma ta ruwa mai fatsal-fatsal. A zuba ɗan ruwan sanyi, ƙwayoyin man su taru, a kwashe, a wanke har ruwan ya fita fes, a cura. Ruwan nan ya zama wanda aka tafasa ya huce, in ba haka ba an mayar da cutar da wuta ta kora. Abin da ya rage a gorar shi ne nonon da ake damun fura da shi. Man da za a ajiye sai a soya shi a wuta kaɗan-kaɗan har kumfa ta kwanta ruwan ya ƙone, wasu da albasa, a tace a kwalba busasshiya. Haka yakan yi watanni.

Da rani, in nono ya yi ƙaranci, akan ƙara masa ruwa da garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri da tsami. Kukar ba ta cutarwa. Ruwan da aka ɗebo a tafki shi ne abin tsoro, sannan mai saye yana da haƙƙin a faɗa masa.

Cuku hanya ce ta ajiye madara inda babu kasuwa kusa. A yankunan Tawa da Agadas ana daskarar da madara da ɗan abin da aka ciro daga cikin jaririn dabba mai shan nono, a shimfiɗa ta siriri a kan 'yar tabarma, a shanya har ta bushe, a ci da shayi ko a daka cikin fura. Fulanin kudu da na Binin da arewacin Gana da ruwan tumfafiya suke daskarar da tasu: a ɗumama madara, a zuba, a ƙara wuta har farin ya rabu da ruwan ya taso, a tsane a ƙananan kwanduna. Shi ne wagashin da ake soyawa a zango-zango, wani lokaci a rina bayansa ja da karan dafi. Wannan ɗanye ne, kwana biyu ko uku yake yi sai in ana sake tafasa shi.

A masana'anta

Tanka na isowa ba a sauke ta sai ɗakin gwaji ya ba da izini. Daga nan madara ta shiga injin da ke juyawa da tsananin gudu, ya fitar da datti, ya raba mai da sauran, sannan a mayar da daidai adadin man da ake so, don kwalbar yau ta yi daidai da ta gobe. Wani injin kuma ya tura ta da matsi mai ƙarfi ta wata 'yar ƙofa, ƙwayoyin man su farfashe su daina tasowa sama.

Sai dahuwa. Hanyar ta samo suna daga Louis Pasteur na Faransa, wanda a shekarun 1860 ya nuna cewa matsakaicin zafi yana kashe ƙwayoyin da ke lalata abin sha. A yau madara kan bi tsakanin siraran farantan ƙarfe masu zafi, ta kai digiri 72, ta tsaya daƙiƙa 15, a sauko da ita digiri 4 nan take. In zafin ya gaza ko da kaɗan, akwai bawul da ke mayar da ita baya ta sake zagayowa. Wannan yana kashe tarin fuka da bakkale da sauran masu cutarwa, amma ba ya kashe komai da komai, shi ya sa irin wannan madara sai da firji, kuma kwanakinta ƙididdigaggu ne. Ta kwali mai daɗewa a kanti an kai ta digiri 135 ko sama na 'yan daƙiƙoƙi, an ɗura ta a kwalin da aka kashe wa ƙwayoyi ba tare da iska ta shiga ba, sai ta yi watanni ba sanyi. Ta gwangwani an ƙone fiye da rabin ruwanta ne, aka rufe, aka dafa ta cikin gwangwanin. Ta gari kuwa feso ta ake yi cikin doguwar hasumiya mai iska mai zafi, ta sauko a bushe; kimanin lita takwas ke ba da kilo ɗaya.

A Najeriya yawancin madarar gida da ta kai masana'anta yogot take zama, a Kano, a Vom ta jihar Filato da sauran wurare. Aikin ɗan'uwan kindirmo ne, sai dai komai da ma'auni: a dafa zuwa digiri 85 ko 90, a huce zuwa 42 ko 43, a zuba irin ƙwayoyi biyu sanannu da aka raina a ɗakin gwaji, a jira awa huɗu zuwa shida, a sanyaya da sauri don tsamin ya tsaya inda ake so. Mai ƙaramin jari da ke son shiga harkar yana bukatar rajistar hukumar NAFDAC, amma tun kafin takarda yana bukatar ruwa mai tsabta da wutar da ba za ta yanke wa firjinsa ba.

Har yanzu madarar gari da ake shigowa da ita ce ta cika kasuwa, har wani nonon da ake talla a birane da ita aka kwantar da shi. A 2019 Babban Bankin Najeriya ya matsa wa masu shigo da madara ta fuskar kuɗin waje don su zuba jari a kiwon gida, a 2024 ya ɗage takunkumin, a shekarar kuma aka kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya. Mai saye dai ya riƙa karanta bayan leda. Da yawa daga cikin madarar gari mai araha an cire mata man shanunta ne aka maye gurbinsa da man itatuwa, galibi na kwakwar manja, kuma a jerin kayan haɗi ake rubuta hakan da ƙananan haruffa. Gwangwanin da ya kumbura ko kwalin da ya yi ciki a bar shi a kanti. Kwalin da aka buɗe kuma ya daina zama mai daɗewa: a sa shi a firji a shanye cikin kwana biyu zuwa uku, in wuta ta ɗauke a tafasa abin da ya rage a zuba masa iri.